Kisan Uwar Aji da Marayan da Ta Bari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ta rasa inda za ta zuba ragowar, da leɓe mai ɗinki, da haƙori guda da ke rawa a dasashi, malamin ajin manya na yamma yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da ɗalibansa, da maƙiya ma, domin su ma suna da haƙƙin jin labari daga tushe, rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Uwar Aji. Ba jinya ta yi ba. Kashe ta aka yi, ido na ganin ido, a cikin ɗakin da ta yi wa hidima, a hannun mutumin da ta fi shan wahala a kansa.

Malam yana neman afuwa bisa jinkirin wannan sanarwa. Tun ranar da abin ya faru barci ya yi masa ƙaura. Sai ya kwanta rigingine, wayarsa a kan ƙirji, harshensa yana ta komawa kan haƙorin nan mai rawa, zuciyarsa kuma tana ta komawa kan tambaya guda. Marigayiya ta bar maraya ɗaya tak a duniya, wata 'yar gajeriyar murya da ta naɗa, muryar wanda ya kashe ta, kuma marayan yana ɓoye a cikin wayar malam. Idan ya sake shi cikin gari, makashin ya gama ɗaga kai a gaban mutane har abada, kuma akwai wanda ya yi alkawarin sabuwar kwamfuta a matsayin tukuici. Ya saki ko kada ya saki, abin da ya hana ido rufuwa ke nan, shi ne kuma ya hana alƙalami tafiya. Za a zo kan wannan a inda ya dace, domin ba a rabon gado kafin a faɗi wace ce mamaciya.

Marigayiya ba 'yar gata ba ce. Ta zo hannun malam a shekararsa ta ƙarshe a jami'a, bayan ta zauna a gidajen da ba ta taɓa ba da labarinsu ba. Ta zo da tabo a murfi, da giɓi a inda maɓalli ɗaya ya fita, da batir mai gajeren numfashi wanda ba ya jure rabuwa da soket, kamar jariri da nono. Amma mai haƙuri ce. Idan aka tashe ta sai ta yi 'yar gaisuwarta, tilin-lin, a hankali kamar mai sallama a ƙofar surukai. Idan aiki ya yi mata yawa sai fankarta ta kama nishi, fuuu, fuuu, tana fitar da iska mai ɗumi ta haƙarƙarin hagu. Takan sume wani lokaci ana tsakiyar aiki, ta sandare ba gaba ba baya, malam ya dafe kai. Can sai ta farfaɗo ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba tare da ta jira a yi mata sannu ba.

Da malam ya gama karatu ya yi ta zagayen ofisoshi da takardunsa a hammata har takalminsa ya haddace hanya. Ƙarshe ya sami koyarwa a ajin manya, wanda ake yi bayan la'asar a wani ɗakin makarantar firamare idan yara sun tashi. Ɗalibansa teloli ne da masu faci da masu awo da direbobi, mutanen da wasunsu sun aurar da 'ya'ya amma ba su taɓa rubuta sunansu ba. Sukan cusa gwiwoyinsu da ƙyar a ƙarƙashin bencin yara, su riƙe fensir kamar wanda aka damƙa wa wutsiyar kunama. A nan marigayiya ta sami aikin da ya ba ta suna.

Malam ya fito jami'a da wata aƙida, cewa jarrabawar yini ɗaya ba ta faɗin gaskiyar mutum, kuma ba a sanin nisan tafiya sai an ga inda aka taso. Saboda haka ya buɗe wa kowane ɗalibi jaka a cikin marigayiya. Duk abin da mutum ya yi da hannunsa ko da bakinsa a jakarsa ake adanawa: hoton layin farko da ya ja, karkatacce kamar sawun tsutsa, da hoton ranar da ya fara rubuta sunansa, da lissafin yadi ko na man mota, da muryarsa yana karatu, wadda ake naɗa duk ƙarshen wata. Sai malam ya ja ɗalibi gefe, su biyu da marigayiya ta ukunsu, ta nuna masa jiyarsa ta nuna masa yau ɗinsa. An ga dattawan da suka share ido da bakin riga a irin wannan zama. An ga wanda ya rantse cewa rubutun farkon nan ba nasa ba ne, kaza ce ta bi ta kan takardar. Har hukumar da ke kula da ajin ta amince cewa a kan waɗannan jakunkuna za ta ba da takardar shaida, ba a kan jarrabawa ba.

Ɗaliban ba su ba da muryoyinsu haka kawai ba, sai da suka ɗaure malam da alkawari. Inna Mai Ɗinki, wadda ta girmi kowa a ajin, ita ta yi magana da yawunsu. Ta ce, “Ɗan nan, mun ji an ce abin da ya shiga irin wannan akwati yakan wayi gari a wata ƙasa. Ni ko garin gaba ban taɓa leƙawa ba, to muryata ba za ta riga ni yawon duniya ba. Ta shiga nan, ta zauna nan.” Malam ya ɗora hannu a kan murfin marigayiya ya ɗauki alkawari. Shi ya sa bai taɓa ɗora komai a intanet ba. Kwafi ɗaya yake ajiyewa a cikin wani ɗan filashi, wanda kullum yake maƙale a gefenta kamar goyo.

Yanzu dole a ambaci wanda ya yi aika-aikar. A tasha ana ce masa Gingimari, kuma sunan bai yi masa yawa ba. Direban babbar mota ne, shugaban direbobin tasharsu, mutum mai wuya kamar turmi, wanda idan ya yi gyaran murya mutane sukan miƙe tsaye kafin su san dalili. Shekara da shekaru yana yawo da gidan tabarau a aljihun gaba. Idan aka miƙo masa takarda a shingen hanya ko a taron ƙungiya, sai ya lalubo gidan, ya buɗe, ya tarar wayam, ya ja tsaki, ya miƙa wa na kusa da shi ya ce ya karanto, ya baro tabarau a mota. Babu wani tabarau, ba a taɓa yin sa ba. Matarsa ba ta sani ba, 'ya'yansa ba su sani ba. Da ya fara zuwa ajin yamma, abin da ya faɗa a tasha shi ne yana koyon kwamfuta.

Muryarsa ta farko da marigayiya ta naɗa abar tausayi ce. Kalma ɗaya aka ajiye a gabansa, “mota”. Ana jin numfashinsa kamar na mai hawan tudu da lodi, ana jin benci yana kuka a ƙarƙashinsa, ana jin yana cewa mo, mo, mo, ya kasa haurawa. Can sai ya sassauta murya ƙasa-ƙasa, irin muryar da ba wanda ya san yana da ita, ya ce, “Malam, rufa mini asiri. Wannan harafin mai ƙafa uku, yaya sunansa?” Muryarsa ta ƙarshe kuwa, bayan watanni na zuwa aji kai tsaye daga doguwar tafiya, yana warin gas, idonsa jajir, ita ce ta mutum yana karanta takardar lodi shafi guda ba tuntuɓe. Babu jakar da malam yake alfahari da ita kamar wannan. A zamansu na ƙarshen wata, shi Gingimari da kansa yakan ce a sa masa ta farkon, ya yi dariya har benci ya girgiza, ya ce, “Ashe haka jakin nan ya fara.” Malam ya ɗauki wannan dariya a matsayin izini.

Ranar ajali ita ce ranar nuna aiki. Shugabar cibiya ta gayyaci iyalan ɗalibai da jami'in hukuma, aka aro majigi da lasifika, aka wanke bango. Tsarin shi ne a buɗe jakar kowa daga farko zuwa ƙarshe, domin a ga nisan tafiya. A jajibirin ranar ne malam ya tura muryar farkon nan cikin wayarsa don ya gwada ƙarfin lasifika, ya manta bai goge ba. Gingimari ya zo cikin manyan kaya, da matarsa, da 'ya'yansa, da surukinsa, da bas guda cike da direbobi, cikinsu har da Mataimaki, na biyunsa a ƙungiya, wanda kowa ya san kujerar shugabanci yake hange. Abin da Gingimari ya zata shi ne za a sa muryarsa ta ƙarshe, ya zauna yana gyara hula ana tafa masa. Ba wanda ya gaya masa cewa a ajin malam daga ƙasa ake farowa.

An buɗe jakar Inna Mai Ɗinki, jikokinta suka yi ta tafi. An buɗe ta mai faci. Sai aka zo kan ta Gingimari. Bango ya cika da wani ƙaton rubutu mai karyayyun ƙafafu, lasifika ta cika ɗaki da numfashi. Mo, mo, mo. Sannan 'yar muryar nan ta fito, ta roƙi a rufa mata asiri, ta tambayi sunan mai ƙafa uku. Daga bencin baya Mataimaki ya miƙe, cikin ladabi, hannu a ƙirji, ya ce, “Ranka ya daɗe, ko a ɗauko tabarau daga mota?”

Dariyar da ta biyo baya irin wadda ke fasa rufin kwano ce. Malam ya ɗaga hannu yana cewa a jira a ji ta ƙarshe, ya kai yatsa zai tsallake. A wannan lokaci, cikin duk lokutan duniya, marigayiya ta zaɓi ta sume. Fuskarta ta sandare, amma bakinta bai rufe ba, ya maƙale a wuri ɗaya yana maimaitawa, mo, mo, mo, mo.

Malam zai faɗi abin da ya biyo baya dalla-dalla, domin wanda aka kashe a bainar jama'a yana da haƙƙin a ba da shaidarsa. Gingimari bai yi ihu ba. Ya miƙe, bencin yara ya taso tare da shi, ya yarfe shi kamar ƙaiƙayi. Ya ratso tsakiyar ɗaki, wayar majigi ta harɗe masa ƙafa, ya fizge ta, majigi ya faɗo ƙasa, idonsa ya tarwatse. Ya sunkuci marigayiya da hannu ɗaya. Ya ɗora ta a kan gwiwarsa ta baya, ya lanƙwasa ta inda ba a halicce ta ta lanƙwasu ba, har ƙugunta ya ce ƙas, sannan ƙas na biyu. Ya raba fuskarta da gangar jikinta, jijiyoyinta ja da baƙi suna reto a tsakani. Duk da haka ba ta yi shiru ba. Sai ya ɗaga gangar jikin sama da kansa ya maka ta a kan gefen tebur, maɓallanta suka watsu a ƙasa kamar haƙora. Ya sake makawa. A na ukun ne ɗan filashin da ke goye ya karye a tsakiya, rabi a cikin uwarsa, rabi a ƙarƙashin allo. Sannan ya jefar da ita ƙasa ya hau da diddige, diddigen da ya saba tsayar da lodin siminti a gangara. Fankarta ta ja wani dogon numfashi, fuuu, ta yi ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, ta tsaya.

Malam ba zai ɓoye ba, ya yi yunƙurin ceto. Ya ɗale bayan mutumin ya shaƙe masa wuya, wuyan da hannu biyu ba su zagaye ba. Gwiwar hannu ɗaya Gingimari ya turo baya, ko waiwaye bai yi ba, malam ya tsinci kansa a gindin allo, bakinsa cike da gishirin jini da garin alli. Yayan malam, mai walda, wanda ya zo kallo, ya ga jinin ƙaninsa, ya ɗauki kujerar Shugabar cibiya ya sauke ta a kafaɗar direban da ya fi kusa, wanda bai ci ba bai sha ba. Daga nan ɗaki ya kaure. Direbobin Gingimari suka faɗa wa na Mataimaki, benci ya tashi sama, tagogi suka rasa gilasansu, wani ya fasa wa wani goshi da lasifika. Inna Mai Ɗinki ta tsaya a kan jikokinta da lema a hannu tana rabon duka ba zaɓe. Jami'in hukuma ya shige ƙarƙashin tebur, ya rungume jakarsa, bai fito ba sai da mai gadi ya rantse masa an watse. Mataimaki kaɗai ya fita ko hularsa ba ta karkace ba.

Washegari malam ya kwashe gawar a cikin zanen tebur ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya buɗe, ya ciro faifan da ke riƙe da ƙwaƙwalwarta, ya girgiza shi a kusa da kunne, aka ji yana kacau-kacau kamar gwangwanin tsakuwa. Ya mayar ya rufe zanen, ya ce, “Sai haƙuri, Malam. Wannan ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba.” A cikin wannan kacau-kacau akwai aikin shekara guda na aji ɗungurungum, da ranar da Inna ta fara rubuta sunanta, da shafin da Gingimari ya karanta ba tuntuɓe, wanda babu kunnen da ya ji shi a ɗakin nan.

Marigayiya ta rasu ta bar caja, wadda har yanzu take naɗe a jikin bango ba ta san abin da ya faru ba, da jakar goyo mai tsinkakken zif, da ɗalibai cike da aji waɗanda ba su da shaidar cewa sun taɓa koyon komai. Jami'in hukuma ya aiko da saƙo ta bakin Shugabar cibiya cewa babu jaka babu takardar shaida, amma an ɗaga musu ƙafa zuwa ƙarshen zango mai zuwa su sake tarawa. Bai faɗi a cikin me za su tara ba. Ta kuma bar marayan da aka ambata a sama. Cikin duk abin da ta riƙe, abu mafi muni shi ne ya tsira.

Masu ta'aziyya sun yi ta zuwa, malam yana godiya. Yayansa ya zo da bandeji a gira, ya ƙi zama, ya ce, “Ƙanena, ba na son dogon bayani irin naku na jami'a. Ka ba ni wayar, ka shiga banɗaki. Kafin ka fito, yara sun mayar da mai ƙafa uku waƙa a bakin titi. Ko kuma ka ba ni izini in je in narkar masa da tayoyi yana ciki.” Malam ya ce zai yi tunani. Yaya ya ce tunani ne ya kai haƙorinsa inda yake.

Mataimaki ya zo da kansa, domin bakin Yaya ba ya riƙe magana. Ya cire takalmi, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya sa aka shigo da kwali. Ya yanka ledar da farcensa, ya zaro wata siririyar kwamfuta mai sheƙi, ya ɗora ta a kan cinyar malam. Tana da sanyi, maɓallanta a cike, tana ƙanshin abin da ba a taɓa wahalarwa ba. Ya ce, “Malam, mu ba ma son fitina. Zaɓen ƙungiya ya kusa, mutanen da suka ji a ɗakin nan kaɗan ne, kuma ya fara cewa sharri ne, muryar wani aka haɗa. Ka taimaki gaskiya, gaskiya ta taimake ka. Ɗalibanka ma su sami takardarsu.” Ya mayar da ita kwali, ya ce tana mota tana jira, ba ta gaggawa. Bayan fitarsa malam ya daɗe yana jin sanyinta a cinya.

Inna Mai Ɗinki ta zo daga baya, ta zauna a bakin ƙofa, ta duba leɓensa ta ce wanda ya yi ɗinkin bai iya ba. Ta ce, “Ɗan nan, na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Sunana na farko yana ciki. Amma abu ɗaya ya sanyaya mini rai. Baiwar Allah ta tafi da sauran asirinmu, ba wanda zai sake jin kowa.” Malam ya ce haka ne. Wayar tana aljihunsa, tana ƙona masa cinya.

Wanda bai zo ba shi ne Gingimari. Sai dai kullum idan lokacin aji ya yi, motarsa takan zo ta tsaya a tsallaken titi, injin yana gurnani, shi yana zaune a ciki, ba ya sauka, ba ya tafiya. Malam yakan hango shi ta tagar da ba gilashi yana tsakiyar koyarwa a kan allo, kuma Allah ya sani irin abin da yakan saƙa. Ya sha ganin kansa yana lanƙwasa mutumin a kan gwiwa ta baya. Ya sha ƙirga haƙoransa a ƙasa, maɓalli da haƙori, maɓalli da haƙori. Ya sha jin dariyar tasha guda tana bin sa daga shinge zuwa shinge, har garuruwan da ba su san fuskarsa ba, yaran makaranta suna bin motarsa suna mo, mo, mo, kuma wannan hoton ya fi sauran daɗi, domin ba ya buƙatar ƙarfin damtse.

Shekaranjiya malam ya ajiye alli, ya fita, ya ɗauki rabin bulo a gindin katanga, ya tsallaka titi. Gingimari ya gan shi, ya sauke gilashi. Ya rame, gemunsa ya fito ba gyara, aljihunsa na gaba babu komai. Malam ya tsaya yana jiran kalma ɗaya, kalmar da ko ƙaramin yaro ya san ana faɗa idan an yi ɓarna. Abin da mutumin ya ce shi ne, “Kai ƙarfe ka rasa, Malam. Ni babban ɗana idan na shigo sai ya sunkuyar da kai, don kada in ga yana jin tausayina.” Malam ya ɗaga bulon ya sauke shi da duk ƙarfinsa a kan fitilar motar ta hagu. Gilashi ya watsu, wani ɓari ya yanke shi a gindin babban yatsa. Gingimari ya leƙo ya duba ɓarnar, ya ce, “Saura ɗayar.” Malam ya tsaya da jini yana ɗiga a yatsunsa, yana jiran sanyin da ake cewa ramuwa tana kawowa. Bai zo ba. Ya koma aji ya ƙarasa darasi da hannun hagu.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar bayan la'asar, a bayan ajin, kusa da famfo, inda ƙasa ta fi taushi. Kawun malam ya ja kunne cewa ba salla ba likkafani, domin wasa yana da iyaka, saboda haka za a sa ta a cikin jakarta ta goyo, tare da rabi biyu na ɗanta. Mai gyara ya cire batir, ya ce ba a binne shi. Ana roƙon direbobi su bar ƙarafunan taya a mota, ana roƙon Yaya ya zo hannu rabbana. Ba za a yi zaman makoki ba. Da an rufe rami za a shiga aji, kowa ya zo da fensir, domin za a sake tara jakunkuna daga shafin farko, a kan takarda, a cikin jakunkunan yadi da Inna ta fara ɗinkawa daga ragowar ƙyallaye. Ta ɗinka har da wata ƙatuwa, ba a tambaye ta ta wane ne ba. Mataimaki yana iya zuwa idan yana so, amma kada ya wahalar da kansa da ɗauko kwali.

Game da maraya kuma, kada kowa ya sake zuwa neman riƙonsa. Da safiyar yau malam ya rufe ƙofa, ya sa abin ji a kunne, ya saurare shi har ƙarshe, har wurin da ba a kai ba a ɗakin nan. Bayan an gaya wa mutumin sunan mai ƙafa uku, ya yi ta fama, ya haura, ya haɗa kalmar, sannan ya ce a hankali, “Mota. Ashe mota ce. Shekara nawa ina cikinta.” Malam ya ɗora babban yatsansa mai bandeji a kai. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Sannan ya shiga kwandon da takan ɓoye abin da aka goge saboda masu canza ra'ayi, ya goge shi a can ma.